Ƙwallo, Gayya da Mutuncin Marar Aiki

Akwai wata gardama da ke raba kan iyaye a gidaje da yawa na ƙasarmu ta Kudancin Kaduna. Saurayi ya gama karatu, wataƙila har ya yi hidimar ƙasa, ya dawo gida da takardunsa, shekara biyu ko uku ba aiki. Kowace yamma yana filin ƙwallo, yana horar da yaran unguwa ko yana hura musu usur, ba mai ba shi ko kwabo. Uba ya ce wannan zaman kashe wando ne aka sa wa riga mai lamba. Uwa ta ce gara can da shagon caca. Wa ke da gaskiya a cikinsu? Aikin da ba a biya, aiki ne? In kuwa aiki ne, daidai ne jama'a su ci moriyarsa su yi shiru?

Abin da rashin aiki yake ƙwacewa

Kafin mu yanke hukunci, bari mu fara auna hasarar da saurayin nan ya yi. Kafanchan gari ne da aiki ya haifa. Ya bunƙasa bayan 1927, sa'ad da ya zama mahaɗar layin dogo, inda hanyar da ta taso daga Fatakwal take rabuwa, reshe guda ya nufi Kaduna, ɗayan ya hau Jos. Reluwe ta kawo mutane daga kowace kusurwa ta Nijeriya, suka zauna tare da Fantswam da Kaninkon da Bajju da sauran 'yan ƙasa. Ma'aikacin reluwe yakan sami abin da ya fi albashi. Yana da lokacin tashi, yana da abokan aiki, kuma in aka tambayi ɗansa sana'ar ubansa, yakan amsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Da harkar jirgi ta durƙushe daga shekarun 1980, duk waɗannan suka tafi tare da albashin. Noman citta ma, wanda ya riƙe gidaje masu yawa a Kachia da Jaba da Kagarko, ya gamu da annoba a daminar 2023, gonaki suka ruɓe, masu ƙodago a cikinsu suka rasa abin yi.

Lissafin hukuma ba ya iya nuna mana zurfin wannan rami. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin ɗari na waɗanda suka isa aiki, suke kuma son yi, ba su da shi. A 2023 ta sake ma'auni, ta sa duk wanda ya yi aikin kuɗi na awa ɗaya a mako cikin jerin masu aiki, sai adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1. Amma kowace uwa ta san ɗanta bai sami aiki tsakanin lissafin farko da na biyu ba.

Waɗansu masana sun taɓa bin diddigin wannan al'amari a wani ƙauye mai suna Marienthal, a ƙasar Ostiriya, inda masaƙar da ke riƙe da mutanen ƙauyen ta rufe a wajen 1930. Marie Jahoda da abokan aikinta suka zauna cikinsu, suka buga abin da suka gani a 1933. Mutum zai zaci waɗanda suka sami lokaci mai yawa haka za su ƙara karatu da zumunci. Ashe akasin haka ne ya faru. Aron littattafai a laburaren ƙauyen ya ragu, ko da yake an daina karɓar kuɗi. Ƙungiyoyi suka yi sanyi. Maza suka riƙa tafiya a hankali a kan titi, suna tsayawa ba dalili, har ba sa iya faɗin yadda suka ɓatar da wuninsu. Mata kuwa, da yake girki da wanki da reno suna jiransu kullum, ba su ruɗe haka ba. Daga baya Jahoda ta bayyana cewa aiki yana ba mutum abubuwa biyar ban da kuɗi: tsarin lokaci, cuɗanya da waɗanda ba danginsa ba, hannu cikin abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, matsayi a idon jama'a, da kuma abin yi a kai a kai.

Saboda haka in kun ga ɗanku yana barci har rana ta take, yana guje wa biki da taron dangi, kada ku yi saurin kiransa rago. Mutumin da ba wanda yake jiransa ko'ina, a hankali yakan gaskata cewa ba shi da amfani. Mu a nan mun kuma san farashin wannan. Rikicin Maris 1987 da ya fara a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, da na Afrilu 2011 da ya ci kasuwar garin, sun bar mana tabo. Mai neman 'yan banga da mai hura wutar fitina sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa, gama su ne sukan fara gaya wa irin wannan saurayi cewa ana bukatarsa.

Buga ƙwallo da riƙon amana

To, filin ƙwallo zai iya mayar wa mutum abin da ya rasa? Zai iya, amma da sharaɗi. Buga ƙwallo kawai yana motsa jini, yana kuma rage baƙin ciki na awa biyu, sa'an nan mutum ya koma gida yadda ya fito. Abin da ke gyara zuciya shi ne amanar da aka danƙa masa. Wanda aka ba horar da yara ashirin dole ne ya riga su zuwa fili. Wanda aka ba usur zai koyi yanke hukunci a kan abokinsa, a gaban mutane masu ihu. Wanda aka ba littafin kuɗin ƙungiya zai tsaya gaban taro ya yi bayanin kowace naira. Ba a samun ƙarfin zuciya ta wurin jin wa'azin ƙarfafawa kaɗai. Ana samunsa ne sa'ad da mutum ya ɗauki kaya, ya kai shi inda aka ce, ya kuma ga mutane sun lura.

Akwai misali mai kyau a Nairobi ta ƙasar Kenya. A 1987 wani ɗan Kanada mai suna Bob Munro ya haɗa kai da matasan Mathare, ɗaya daga cikin unguwannin matalauta na birnin, suka kafa ƙungiyar wasanni da ake kira MYSA. Dokarsu mai sauƙi ce: mun yi maka abu, kai ma ka yi wa unguwarku abu. Ƙungiyar ƙwallo takan sami maki a gasa in ta ci wasa, takan kuma sami maki in ta fita kwashe shara da yashe magudanar ruwa. Matasan da kansu ne masu horarwa, su ne alƙalan wasa, su ne shugabannin shiyyoyi, waɗanda suka fi himma kuma akan taimake su da kuɗin makaranta. Kulob ɗin da ya fito daga cikinsu, Mathare United, ya zama zakaran Kenya a 2008. Amma kofin nan ƙaramin abu ne in an gwada shi da dubban yaran da ba su zama 'yan wasa ba, suka fita da sanin yadda ake kiyaye lokaci da riƙe alkawari.

A nan uwa ta yi gaskiya. Saurayin da ke horar da yara yana aiki, har ma yana samun huɗu ko biyar daga cikin abubuwan nan da aka lasafta. Ba a banza Hausawa suka ce da zaman banza gara aikin kishiya ba.

Gayya ba bauta ba ce

Amma uba ma yana da tasa gaskiyar, kada mu raina ta. Ƙwallo ba ta biyan sadaki, ba ta sayen taki. Ya ga samarin da suka ƙare ƙuruciyarsu suna mafarkin Turai, ya kuma ji labarin iyayen da suka sayar da gona suka ba dillalin ƙarya. Ya ga kofunan da 'yan siyasa sukan sa gab da zaɓe, da riguna masu hotunansu, bayan zaɓe kuma fili ya koma makiyayar awaki. Tsoronsa shi ne kada a yi ta yabon ɗansa har furfura ta fito masa, hannunsa wofi.

Amsar wannan tsoro tana cikin al'adar da kakanninmu suka bar mana, wato gayya. In an kira gayya, samari sukan taru su nome gonar mutum ba lada sai abinci da abin sha. Amma kowa ya san gayya zagayawa take yi. Yau gonarka, gobe tawa. Wanda aka nome masa, ranar gayyar maƙwabcinsa kuma ya ɓuya, ya zubar da mutuncinsa a gari. Ashe aikin kyauta ne a ido, amma a ƙarƙashinsa akwai bashin da jama'a duka suka ɗauka. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996 take kuma aiki daga Bayan Loko a Kafanchan, ta gane haka sa'ad da ta raɗa wa shirinta na 'yan sa kai suna Gaiya, ta haɗa shi da koyar da kwamfuta da ba da ƙananan rance, domin mai ba da ƙarfinsa ya fita da abin da zai riƙe kansa.

Ga ma'aunin da za mu gwada kowane aikin sa kai da shi. In saurayi ya ba yaranmu yammacinsa shekara uku, ya nome gonarmu ke nan. Yaushe za a zo tasa? In ba ranar, to, abin ya tashi daga gayya ya koma cin gumin marar ƙarfi, ko da an yi shi a harabar majami'a, ko da an rufe da addu'a. Ba kuwa za mu jingina wannan bashi ga gwamnati kaɗai ba. Shirin N-Power da aka fara a 2016 ya kira matasansa 'yan sa kai, yana ba masu digiri naira 30,000 a wata, aka kuma dakatar da shi a Oktoba 2023. Shirin da ya zo daga nesa yakan tsaya ranar da kuɗinsa ya tsaya. Unguwa kuwa tana nan, ita ce kuma ta ga aikin da idonta.

Yadda za mu biya

Biyan wannan bashi bai fi ƙarfinmu ba. Da fari, a ba aikin suna da wa'adi. A ce wane shi ne mai horar da 'yan ƙasa da shekara goma sha uku na shekara guda, a sanar a gaban jama'a, kamar yadda ake naɗa hafsoshin Boys' Brigade da Girls' Brigade. A sa 'yan mata a ciki, gama rashin aiki bai bar su ba, kuma ƙasar da 'yan matanta suka ɗauki kofin Afirka karo na goma a Maroko a 2025 ba ta da hujjar cewa fili na maza ne kaɗai.

Na biyu, kada a bar shi ya ci bashi domin yi mana hidima. Kuɗin acaɓa zuwa wasan waje, ruwan sha, ƙwallo da raga, nauyin iyayen yara ne.

Na uku, a ba shi shaida. Dattijo ko shugaban makaranta ya rubuta abin da ya gani: ya kiyaye lokaci, ya riƙe kuɗi bai ci ba, ya raba faɗa tsakanin unguwanni. Mai ɗaukar ma'aikata yana da takardun digiri jibge a gabansa. Abin da yake nema shi ne wanda zai tsaya wa mutum.

Na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, a buɗe ƙofa. A cikinmu akwai kafintoci, masu walda, teloli, masu kiwon kaji, masu makarantu da masu shaguna. In kana neman ɗan koyo ko mataimaki, fara duba bakin fili kafin ka aika ƙauye neman ɗan ƙanenka. A kuma bar filin a buɗe ga kowane yaro na gari, Kirista da Musulmi, gama wanda ya horar da ɗan maƙwabcinsa, da wuya a ba shi ashana a ce ya ƙone gidansu.

Ku samari kuma, gayya tana da dokarta. Mai zuwa gona a makare, ya yi kunya biyu ya kwanta a inuwa, ba shi da bakin kiran mutane tasa gonar. Ku riƙe ƙaramar amana da gaske, kuna neman sana'a da safe, kuna fili da yamma, kada ɗaya ya hana ɗaya.

Mutuncin mutum ba daga albashi yake fitowa ba, yana da shi tun kafin ya sami aiki. Amma yana bukatar wurin da zai gan shi da idonsa, ya kuma ji waɗansu sun shaida. Iyaye, kafin ku ce da ɗanku ya bar filin nan, ku je wata yamma ku tsaya ku ga abin da yake yi. Sa'an nan ku sami iyayen yaran da yake horarwa da dattawan unguwa, ku tambaye su ranar da za a yi gayyar gonarsa. Allah ya ba mu zuciyar biyan abin da ake binmu.