Wadar Zuci, Ko Rumbu Ya Cika Ko Bai Cika Ba

Duk wanda ya taɓa kwana a Sunkani, hedkwatar ƙaramar hukumar Ardo Kola, ya fito da sassafe ya tsaya a bakin hanyar da ta taso daga Jalingo ta nufi Garba Chede da Bali, zai ji abin da kunne ya saba da shi har ya daina lura: mutumin Kona da Mumuye da Bafulatani suna gaisawa da Hausa, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da yake amsa gaisuwa da kuka. A ce wa mutum ina gajiya, ya ce ba gajiya, alhali jiya a gona ya wuni yana huɗar doya. Ina aiki, da godiya. Ina labari, sai alheri. Kai, ko da ruwa ya kwana yana zuba har ya ci katangar gidansa, in an ce masa yaya ruwa, cewa zai yi ruwa ya yi gyara. Harshenmu dai ya daɗe da haddace wannan karatu. Abin da ya rage a bincika shi ne ko zuciya ta bi harshe, ko kuwa baki ne kurum yake godiya, ƙirji yana can yana tafasa.

Wannan hali da muke kira wadar zuci, malaman Musulunci, maƙwabtanmu na jiya da yau, ƙana'a suke ce masa, kuma sukan jera shi da haƙuri da shukura da tawakkali a cikin kyawawan ɗabi'un da bawa yake neman yardar Ubangijinsa da su. Mu kuwa masu bin Almasihu a wannan yanki, tun da bishara ta hauro Binuwai ta Ibi a 1904, aka kuma kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa a 1932, da wannan harshe muke sujada, ko da kowa yana da yaren da uwarsa ta raine shi da shi. Saboda haka kalmomin ba baƙi ba ne a gare mu, sai dai tushen da muke ɗora su a kai shi ne ya kamata a bayyana.

Babu nassin da ya fi fito da shi fili kamar wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Filibiyawa, 'yar gajeriyar wasiƙa mai sura 4, wadda aka rubuta wajen shekara ta 60 bayan haihuwar Almasihu, mai rubutun yana tsare, bai san ko za a sake shi ko za a fille masa kai ba. Ɗaurarre a mulkin Rumawa, in ba shi da masu kawo masa ɗauki daga waje, yunwa ce abokiyar zamansa. Ikkilisiyar Filibi, can a Makidoniya, ta tara gudunmawa ta aiko masa ta hannun Abafroditus, wanda shi ma ya kwanta ciwo har ya kusa rasuwa. A cikin irin wannan hali ne aka rubuta wasiƙar da zancen murna da farin ciki ya maimaitu a cikinta fiye da sau goma. Amma abin da ya fi jan hankalina yana sura ta 4, inda Manzon, bayan ya gode musu, ya sanar da su cewa ba kukan rashi yake yi ba, domin zama da ƙoshi da zama da yunwa duk ya san yadda ake yinsu, kuma koyo ya yi. A riƙe wannan kalma ta koyo. Da halitta ce, da sai mu ce wane an haife shi da sanyin rai, ni kuwa an haife ni da zafin nema, kowa ya kama gabansa. Amma tun da ilmi ne, to yana da makaranta, yana da bita, yana da ranar da almajiri zai kasa, a wanke allo a sake rubutawa.

Masanan harshen Girkanci sun ce kalmar da ya yi amfani da ita ta masu falsafar zamaninsa ce, waɗanda suke koyar da cewa mai hikima ya ishi kansa, ya kashe sha'awa da tsoro a zuciyarsa har babu abin da zai taɓa shi. Bulus ya ari kalmar, amma ya sauya mata mazauni: isar ba daga gare shi take ba, daga Almasihu take, wanda yake ba shi ƙarfi. Bambancin ba ƙarami ba ne. Mai hikimar masu falsafa ya taurare kamar dutse don kada ya ji zafi; Bulus kuwa yana jin zafin sarai, har ya faɗa a wasiƙar cewa da abokinsa Abafroditus ya mutu da baƙin cikinsa ya ninka, amma yana da inda ya jingina.

Akwai kuma Annabi Habakuk, wanda ya rayu wajen shekara 600 kafin Almasihu, lokacin da rundunar Babila take gab da afka wa ƙasarsa. A ƙarshen littafinsa ya lissafa asarar da ke tafe ɗaya bayan ɗaya, itatuwan marmari da gonakin hatsi da garken tumaki da shanu, sa'an nan ya ce duk da haka murnarsa ga Allah take. Duk lokacin da aka karanta wannan a majami'a nakan tuna cewa lissafin ya haɗa dukiyar manomi da ta makiyayi a numfashi guda, kamar an rubuta shi ne domin ƙasar da take tsakanin gonakin doya da kasuwar shanu ta Iware. Waɗanda suka ga tashin hankalin 2019 a ƙauyukan Kona, suka baro gidajensu a farkon damina da abin da kai zai iya ɗauka, ba sa bukatar tafsiri kafin su fahimci abin da annabin yake nufi.

To, a nan ne fa ake yin tuntuɓe, domin wadar zuci tana da wata 'yar kama da ake kira mutuwar zuciya, kuma sau da yawa akan ɗaura wa mutum aure da wannan da sunan waccan. Malalaci da ya ƙi zuwa gona ya ce ya dogara ga Allah, ba ƙana'a yake yi ba. Bulus ɗin nan da hannunsa yake ɗinka tanti yana ci, kuma ya gargaɗi Tasalonikawa a kan zaman kashe wando. Mafi muni shi ne mai hali da yake wa talaka wa'azin haƙuri alhali haƙƙin talakan yana aljihunsa, ko shugaban da ya riƙe albashin ma'aikaci wata da watanni sa'an nan ya ce masa ya gode wa Allah. Wasiƙar Yakubu, sura ta 5, ta yi wa irin waɗannan kashedi mai tsanani game da ladan masu girbi da aka danne. A duba ma abin da ya faru a Filibi kanta, a Ayyukan Manzanni sura ta 16: an yi wa Bulus da Sila bulala, an sa ƙafafunsu a turu, da tsakar dare suna addu'a suna waƙa har sauran fursunoni suna saurare, amma da gari ya waye mahukunta suka aiko a sallame su a ɓoye, sai Manzon ya ƙi motsawa, ya ce an dake su ba shari'a alhali suna da 'yancin Rumawa, sai dai mahukuntan su zo da ƙafarsu su fitar da su. Suka kuwa zo, suna ba da haƙuri. Bakin da ya yi waƙa da dare shi ne ya nemi haƙƙinsa da safe, kuma ban ga inda ɗayan ya ƙaryata ɗayan ba.

Ni a ganina ma jarrabawar yalwa ta fi ta rashi wuya, ko da yake mai jin yunwa zai ce a ba shi ya gwada. Agur, a Karin Magana sura ta 30, ya roƙi Allah kada ya ba shi talauci kada kuma ya ba shi dukiya, domin yana tsoron ƙoshi ya sa shi butulci kamar yadda yake tsoron fatara ta sa shi sata. Wa yake irin wannan addu'a yau? Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na taki suka yi tashin gwauron zabo, an samu masu wa'azin da suke sayar da begen arziki ga matsattsu, suna cewa talauci shaidar ƙarancin bangaskiya ne; da haka ne, da Manzon da ya kwana da yunwa shi ne mafi raunin imani a cikinmu. Ga kuma wayar hannu, wadda ta kawo wa yaron ƙauye motar ɗan birni har cikin ɗakinsa. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji magabata, kuma ba na cire kaina: na sha kama idona yana ƙirga buhunan maƙwabci a kan amalanke, alhali nawa suna ɗaki ban gama ƙirga su ba.

Wata shekara da ruwa ya ɗauke masara tana fitar da goyo, na halarci sujadar godiyar kaka a wata 'yar majami'a a gefen Sunkani. Matan zumunta suna kaɗa tulu da caki, ana fitowa layi-layi da doya da damin dawa da kaji, sai ga wata tsohuwa, gwauruwa, wadda kowa ya san gonarta ta ƙone, ta taso da 'yar ƙwarya, masarar ciki ba ta kai mudu biyu ba, tana taka rawa a hankali saboda ciwon gwiwa. Da aka tashi na same ta a gindin mangwaro tana gyara ɗaurin kallabi.

Na ce, "Mama, sannu da ƙoƙari. Bana kam an sha wuya."

Ta ce, "An sha, ɗana. Ranar da na je na ga gonar nan, zama na yi a kan kunya na yi kuka har rana ta take."

Na ce, "Amma ga shi yau har da rawa."

Ta dube ni kamar na yi tambayar yara, ta ce, "To, gonar ce ta ƙone. Shekarar da maigidana ya rasu ban iya fitowa ba sam, ina zaune a baya ina jin haushin masu waƙa. Bana na iya."

Aka yi gwanjon kayan godiya kamar yadda aka saba. Wani dattijo ya sayi ƙwaryar masarar da kuɗin da ya fi na rabin buhu, ya sa jikansa ya bi ta da ita har gida. Ta karɓa, ta zuba rabi a tukunya ta rufe da toka domin iri, sauran kuma ta ba yaron ya kai injin niƙa.