Mutanen Nineba Ba Su Jira Sarki Ba



Ku tuna da sura ta 3 ta Littafin Yunusa. Da annabi ya yi shelar kwana arba'in, talakawan Nineba ne suka fara ba da gaskiya, suka ɗauki azumi, babba da yaro. Sai daga baya labari ya isa fada, sarki ya sauko daga gadon sarauta. Tuban ya faro daga titi, sa'an nan ya hau sama.

Wannan labari yakan zo mini a rai duk lokacin da ake zancen sauyin yanayi. Gwamnatocin ƙasashe ne suka ƙulla Yarjejeniyar Paris a Disamba 2015, su kaɗai ke da ikon sa hannu. Amma hayaƙin da ke ɗumama duniya, yawancinsa daga birane yake tashi, inda fiye da rabin 'yan Adam suke zaune. Shi ya sa tun 2005 magajin garin Landan, Ken Livingstone, ya tara takwarorinsa suka kafa ƙungiyar da ake kira C40, wadda Legas ta shiga daga baya. A 2017, da Shugaba Trump ya sanar cewa Amurka za ta fice daga yarjejeniyar, ɗaruruwan magadan gari, da jami'o'i, da kamfanoni, da majami'u suka ce su kam suna nan a kan alkawari.

Marigayi Paparoma Francis ya gane wannan. Bayan ya fitar da wasiƙarsa Laudato Si' a 2015, ya gayyaci magadan gari daga nahiyoyi dabam dabam zuwa Vatican a watan Yuli na shekarar. Ba sabon abu ya ƙago ba. Tun 1931 Paparoma Pius na 11 ya koyar cewa abin da ƙaramar al'umma za ta iya yi, kada babbar hukuma ta ƙwace shi daga hannunta. Mu kuwa, abin kunya, mun juya koyarwar: mu da kanmu muke miƙa wa gwamnati aikin da yake namu.

Kada dai mu ruɗi kanmu. Magajin gari ba shi da ƙuri'a a teburin Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma unguwa ba za ta iya gyara madatsar ruwa ba. Ambaliyar da ta cinye Maiduguri a Satumba 2024, sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle, ta fi ƙarfin kowace ƙungiyar matasa. Wannan nauyin masu mulki ne, kuma wajibi ne mu tambaye su.

Amma magudanar da ke bayan cocinku, wa ya cika ta da leda? Itatuwan da aka sare domin gawayi, wa ya maye gurbinsu? Ina roƙon Zumuntar Mata, da matasa, da majalisar kowace Ikilisiya su zauna da mai unguwa da limamin masallacin da ke maƙwabtaka da su kafin ruwan farko ya sauka, su raba aikin yashe magudanu, su kuma sa sunan wanda zai shayar da kowane dashe har rani ya wuce.