Maki Nawa Ne Aiken Kaka?

Wani maƙwabcinmu tela, mutumin Azare, ya gaji da bin ɗansa gidan gem. Yaron shekararsa 13, in ya samu hannun PlayStation ko wayar yayansa mai Free Fire, to sai dai a ci tuwon dare ba shi. An yi duka, an yi faɗa, an ƙwace waya, duk a banza. Sai uban ya samo kwali ya manna a zaure, ya ja layuka: ɗebo ruwa maki 5, sharar shago maki 3, haddar shafi guda maki 10. In maki ya cika 100, yaro ya ci awa biyu na gem ranar Asabar. Ƙannensa ma aka sa su a ciki, abin ya zama tsere.

Yaron ya gyaru, wannan kowa ya gani. Amma a majalisarmu ta bayan la'asar maganar ta ƙi mutuwa. Wani dattijo cewa ya yi wannan cin hanci ne: ɗa ya yi wa ubansa aiki don ubansa ne, ba don an rubuta masa lamba ba.

Ba mu raina maganarsa ba, ba mu kuma raina cutar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019, ƙasar Sin kuwa a 2021 ta taƙaita wa yara gem ɗin intanet zuwa awa uku a mako. Masu ƙera waɗannan wasanni sun san zuciyar yaro. Ka yi abu, nan take ka ga sakamako; ka faɗi, ba mai zaginka, ka sake; ga abokai suna kallo. Aikin gida fa? Ka yi daidai a yi shiru, ka kuskure a yi maka tsawa.

Kuma mu da muka tashi a ƙasar Katagum, da wane baki za mu ce mai da aiki wasa baƙon abu ne? Ku tuna gayya. Samari sun jeru kowa da kunyarsa, makaɗi na dukan gangar noma yana wasa wanda ya yi gaba, 'yan mata na guɗa. Mutum ya yi noman kwana uku a wuni ɗaya bai ji ba. A makarantar allo ma haka: yaro na ƙirga izu nawa ya rage cikin sittin, yana hangen ranar da za a yi masa zayyana. Ba wanda ya ce malam ya ba da hanci.

Inda muka tsaya da dattijon nan shi ne wani abu da telan da kansa ya faɗa mana, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Kakar yaron ta aike shi sayen magani, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Maki nawa?"

Nan ne gayya ta bambanta da kwalin zaure. A gayya, in kiɗa ya tsaya gero na nan, kuma gonar wani ka nome, wataƙila ma tsohon da ba zai iya rama maka ba. A kwali kuwa, yaro kansa yake yi wa aiki, kuma ladan nasa gem ne, wato abin da ake son raba shi da shi. Ya koyi shara, amma har yanzu gem ne sarki a zuciyarsa.

Don haka ba mu ce a yage kwalin ba. Muna ganin akwai abin da bai kamata ya hau shi ba: salla, gaida mara lafiya, aiken tsofaffi. Lada kuma a sauya shi sannu a hankali. Telan ya fara: wanda ya cika 100 a wannan watan, shi za a ɗora a kan keken ɗinki ya haɗa wando da hannunsa. Yaron ya ce ƙara masa aiki aka yi. Jiya dai mun gan shi yana zura zare a allura.