Mota Taka Ce, Birki Na Jama'a Ne

A Tamanrasat tsohuwar mota ba ta mutuwa. Land Cruiser ko Hilux ko Fijo 504 da a wani gari da tuni 'yan gwangwan sun saye ta, a nan sai ka tarar da ita a ƙofar gida an ɗora ta bisa duwatsu, mai ita yana farfaɗo da ita kaɗan-kaɗan duk ran da ya samu sarari. Da dalili. Tsakaninmu da birnin Aljiyas kusan kilomita 2,000 ne, kayan gyara na asali sai sun sha hanya, in sun iso kuma kuɗinsu ya hau. Don haka wanda ya koyi gyara da hannunsa abin yabo ne. Tambayata ɗaya ce: shin don mota mallakin mutum ce, yana da damar yi mata duk irin gyaran da ya ga dama?

Mu ɗauki bututun birki. Siririn ƙarfe ne da bai kai kaurin fensir ba, yana bi ta ƙarƙashin mota inda ido ba ya kaiwa. Idan direba ya taka birki, man birki ne ke ɗaukar ƙarfin ƙafarsa ta cikin wannan bututu ya kai shi ga tayoyi. Ruwa ba ya matsuwa, shi ya sa ƙarfin ke isa. Iska kuwa tana matsuwa, shi ya sa dole a fitar da ita bayan an haɗa. Matsin da ke cikin bututun idan an taka da ƙarfi yakan ninka na iskar taya fiye da sau ashirin. Saboda haka ne ake naɗe bakinsa ninki biyu, a lanƙwasa shi ba tare da ya karye ba, a ɗaure shi a jikin mota don kada ya goge da wani ƙarfe.

Hanyoyin rage zafi kuma sanannu ne. Wani ya sa bututun jan ƙarfe irin na firji, wanda jijjigar hanya ke busar da shi har ya tsage. Wani ya haɗa da tiyon fetur. Wani ya daddale bututun ƙafa ɗaya ya ce ukun sun isa. Duk waɗannan suna aiki a ranar farko, kuma nan ne haɗarin yake.

Mai motar zai ce: "Motata ce, raina ne. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa." Wannan magana gaskiya ce a kan fenti da kujera, har ma da inji. Injin da aka yi wa aikin ha'inci, mai shi zai bari a daji. Birki ba haka yake ba. An yi shi ne saboda wanda ke gabanka: yaron da ya tsallaka titi, mai raƙumi, fasinjan da ya shiga bai leƙa ƙarƙashin mota ba. Ba wanda ya shawarce su ranar da ake gyaran. Duk wanda ya taɓa gangarowa daga Asekrem, kimanin kilomita 80 daga gari, ya san yadda ƙafa ke daɗewa a kan birki har man ya yi zafi. Wanda ya bi hanyar In Gezzam zuwa Asamaka da Arlit ya san yawan rayukan da ke zama a bayan Hilux guda.

Za a ce talauci ne. Ban raina wannan hujja ba, domin wani motar ce abincinsa, in ta kwana a ajiye gidansa ya kwana da yunwa. Amma talauci yana iya sa ka jinkirta fenti shekara biyar, ba ya halatta maka ɗora wa wani haɗarin da bai sani ba. Kuma mafi yawan abin da bututun birki ke nema haƙuri ne: ka sake naɗin da bai zauna ba, ka ara kayan aiki, ka kai wa bakanike ya duba, ka taka birkin da ƙarfi ka riƙe ka ga ko ƙafa tana nutsewa.

Za a kuma ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne. Sai dai wanda ya san bakin bututunsa na ɗiga ya kama hanya, ba tsautsayi zai kira abin da ya biyo baya ba.

Akwai saura, wato ranar sayarwa. Motocin garin nan suna sauya hannu, wasu har su tsallaka Nijar. Mai saye zai duba fenti, ya saurari inji, ba zai bi bututu ba. Idan ka yi dabara a wurin, gaya masa wajibi ne ko da farashin zai faɗi. In ka yi shiru, haɗarin ya bar gidanka amma alhakin yana nan.

Mai karatu, aikin da ake gani kunya ke gyara shi. Wanda ba a gani sai amana. Allah ya tsare mana hanya.