Iko da Amana a Kwamfutar da Iyali Suka Yi Tarayya a Kanta

A gidaje da dama yanzu akan keɓe kwamfuta guda a mayar da ita ma'ajiyar kowa, a tara mata hotunan iyali da takardun makaranta da karatuttukan malamai da lissafin kasuwanci, sannan a haɗa ta da na'urar rarraba intanet, wadda ake kira rauta, domin duk wata waya ko kwamfuta da ke gidan ta iya kaiwa ga abin da aka ajiye. Irin wannan kwamfuta ita ake kira sabar, wato wadda ke yi wa sauran na'urori hidima. Haɗa ta aiki ne na fasaha, amma wanda ya zauna zai yi shi ba zai gama ba sai ya yanke hukunci a kan wanda zai ga me, da wanda zai iya gogewa, da wanda zai riƙe mabuɗi. Daga nan ne tambayar da ta shafi addini da falsafa take tasowa, wato ko ikon da na'ura ta ba mutum na buɗe ajiyar wani yana zama masa haƙƙin buɗe ta.

Kafin a amsa, ya kamata a san yadda abin yake gudana. Kwamfutoci ba sa musayar fayil sai da wata ƙa'idar magana da suka yi tarayya a kanta, kuma mafi yaɗuwa a gidaje ita ce SMB, wadda aka ƙirƙira a kamfanin IBM a 1983, daga baya Microsoft ya ɗora rabon fayil na Windows a kanta. Kamfanin Sun ya fito da tasa mai suna NFS a 1984, sannan a farkon shekarun 1990 Andrew Tridgell, ɗan ƙasar Ostareliya, ya rubuta manhajar Samba, wadda ta ba kwamfutocin Unix da Linux damar magana da na Windows. A tsarin Unix kowane fayil yana ɗauke da izini iri uku, na karantawa da na rubutawa da na zartarwa, kuma ana raba su ga mutane kashi uku, wato mai fayil ɗin, da rukuninsa, da sauran jama'a. A saman waɗannan duka akwai asusu guda mai suna root, na mai gudanarwa, wanda waɗannan iyakoki ba sa hana shi komai.

Wannan rabo bai zo wa Bahaushe da baƙunta ba, domin gidansa na gargajiya a kan haka aka gina shi: zaure ne iyakar baƙo, tsakar gida ta mutanen gida ce, ɗaki kuwa na mai shi ne, kuma ba a ƙetara ɗaya zuwa ɗaya sai da sallama. Musulunci ya tabbatar da wannan tsari ya kuma ƙara masa ƙarfi. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba tare da neman izini da sallama ba, aya ta 58 kuwa ta shigo da hukuncin har cikin gida, inda ta umarci yara da masu hidima su nemi izini a lokuta uku, kafin sallar asuba da lokacin hutun rana da bayan sallar isha'i. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko zai nemi izini kafin ya shiga wurin mahaifiyarsa alhali gida ɗaya suke kuma shi ke yi mata hidima, aka umarce shi da ya nema. Abin da ake fahimta a nan shi ne, kusanci da hidima ba sa kawar da sirri, kuma wani hadisi da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya bayyana cewa saboda ido aka shar'anta neman izini.

Idan aka ɗora wannan a kan sabar gida, matsayin mai gudanarwa yana fitowa fili. Sau da yawa shi ne saurayin da ya fi kowa sanin kwamfuta a gidan, wanda ya buɗe wa kowa asusu, ya yi wa ƙanwarsa folda da sunanta, ya ce mata ta sa kalmar sirrin da ita kaɗai ta sani. Ita tana ganin ta kulle ƙofarta, shi kuwa ya san cewa da umarni ɗaya zai iya jera duk abin da ke ciki, kuma daga shafin rauta zai iya ganin na'urar da ke kan layi da ƙarfe biyun dare. Fiƙihu yana da babin da ya dace da wannan hali, wato babin wadi'a, ajiyar da ake ba mutum don ya tsare. Malamai sun ce wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi ɗayan abu biyu: ta'addi, wato ƙetare iyakar abin da aka yarje masa, ko tafriɗi, wato sakaci wajen tsarewa. Fayil ɗin ƙanwa ajiya ce a hannunsa, ba mallakarsa ba, ko da shi ya sayi kwamfutar, saboda haka buɗe shi ba da saninta ba ta'addi ne, kuma ya shiga cikin bin diddigin asirin mutane da aya ta 12 a Suratul Hujurat ta haramta.

Sakaci ma cin amana ne, ko da yake mutane ba su cika ɗaukarsa haka ba. Wanda ya gaji da daidaita izini ya ba folda lambar 777, wadda ke nufin kowa ya karanta, ya rubuta, ya zartar, ko ya bar rauta da kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani, ko ya buɗe ƙofar SMB mai lamba 445 ta fuskanci intanet, ya jefa ajiyar mutane a bakin hanya. A watan Mayun 2017 muguwar manhajar WannaCry ta bi ta wata ɓaraka a tsohon samfurin SMB ta kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila, alhali Microsoft ya fitar da gyaran tun watan Maris. Mafi yawan waɗanda abin ya shafa ba su sabunta na'urorinsu ba ne kawai.

Akwai mai cewa maigida makiyayi ne da za a tambaye shi game da iyalinsa, don haka dole ya san abin da 'ya'yansa ke kallo. Wannan magana gaskiya ce, sai dai kulawa daban, leƙe daban. Kulawa ita ce uba ya tara yaransa ya gaya musu a fili cewa an toshe shafuka kaza, kuma za a riƙa duba asusun ƙananansu, sannan ya sassauta gwargwadon yadda suke girma da hankali. Leƙe kuwa shi ne ya bar su suna zaton babu mai gani alhali yana karantawa, wanda hakan yaudara ce da ke koya wa yaro ɓoyo maimakon kamun kai. Baligi mai hankali, mata ce ko ƙane ko baƙon da aka ba kalmar sirrin waifai, ba ya cikin wannan rangwame, kuma zato kaɗai ba ya halatta bincike.

Tun zamanin Girkawa Aflaɗon ya kawo labarin makiyayin da ya tsinci zoben da ke ɓoye shi daga idon mutane, domin a tambaya ko mutum zai ci gaba da adalci idan ya tabbata ba za a kama shi ba. Mai riƙe da asusun root yana cikin wannan jarrabawa kullum, domin yana iya gani, yana kuma iya goge shaidar cewa ya gani. Amsar Musulunci ita ce ihsani, wato mutum ya yi aiki da yaƙinin cewa Allah yana ganinsa. Amma shari'a ba ta dogara ga kyawun zuciya kaɗai, shi ya sa ta umarci a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Saboda haka amintaccen mai gudanarwa shi ne wanda ke rage ikon kansa da hannunsa: ya faɗa wa mutanen gida gaskiyar abin da yake iya gani, ya koya musu rufe fayilolinsu da mabuɗin da shi ma ba ya da shi, ya yi aikinsa na yau da kullum da asusu irin na kowa, kuma kada ya shiga na mai gudanarwa sai don gyara, da sanin wanda abin ya shafa.