Wanda Ya Karye, Sai a Raba Shi da Gidansa?

Ƴan'uwana ɗalibai, kalma guda ce ta jawo wannan rubutu. A darasin asalin kalmomi malaminmu ya kawo mana banqueroute ta Faransanci, ya ce daga Italiyanci ta zo, banca rotta, wato karyayyen benci, irin wanda ɗan canji ke zama a kai a kasuwa. Na yi dariya ni kaɗai, don mu ma a Maraɗi in jarin ɗan kasuwa ya tafi cewa muke ya karye. Dariyar ba ta je ko'ina ba, saboda na tuna da kawuna.

Kawu ya jingina takardar gidansa ya karɓi rance don ya ƙara jari. Sai ga Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta na 2019, kaya suka tsaya, biya ya gagara. Bai faɗa wa kowa ba. Matarsa ma sai ranar da aka zo duba gidan ta ji. Yanzu ɗaki biyu suke haya su tara. Na taɓa ce masa, "Kawu, mi ya hana ku faɗa ma dangi?" Ya ce, "Ɗana, in ce mi? In ce na karye?"

Bin sawun kalmar nan ya kai ni ga dokar karyewa ta Amurka, ta 1978. A cikinta akwai Babi na 13, na mutum mai samun kuɗi a kai a kai wanda bashi ya sha kansa. Da zarar ya shigar da takarda kotu, duk mai binsa bashi dole ya dakata, har bankin da ya sa ranar gwanjon gidansa. Daga nan sai a tsara yadda zai biya abin da ya taru a kansa cikin shekara 3 zuwa 5, kuma yana ci gaba da biyan na kowane wata. Alƙali ba shi da ikon rage uwar kuɗin jinginar gidan da mutum ke zaune ciki. Zancen kuma zai zauna cikin tarihin bashinsa shekara 7, duk bankin da ya je sai ya gani. In ya kasa bin tsarin, a kori ƙarar, gwanjo ya dawo. Da yawa ma ba sa kaiwa ƙarshe.

Da na ba abokin ɗakina labari sai ya ce, "Kai, wannan ai cin bashi ne da rigar lauya. Ka sa hannu da hankalinka, ka ci kuɗin mutane, sannan ka ruga wurin alƙali ya rufe musu baki?" Ban raina maganarsa ba. Alkawari kaya ne, kuma ba kullum mai bin bashi ne mai ƙarfi ba. Wani lokaci tsohuwa ce mai tuyar ƙosai da ta ba ka kuɗin adashenta. A dokar ta Amurka ma basussukan da ba su da jingina sau da yawa wani kaso kawai ake biya, sauran a yafe ko mai su bai so ba. Wannan wuri har yanzu yana ci mini rai.

Amma a zancen gida, ina ganin abokina ya haɗa abu biyu da harshenmu ya raba. Muna da "ya ci bashi", muna da "ya taushe bashi". Na farko karɓa ce kawai, shi ya sa aka ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Na biyu shi ne abin kunya. Wanda ya taushe bashi ɓuya yake, ya canza lambar waya, ya canza hanyar masallaci. Wanda ya je gaban alƙali kuwa ya shimfiɗa duk abin da ya mallaka da duk abin da ake binsa, bisa rantsuwa, ya ce ga iyakar ƙarfina, a ba ni lokaci. Ta yaya za a kira su da suna ɗaya?

Kada mu ɗauka tambayar ta Turawa ce kaɗai. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umurni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Malaman fiƙihu suna da babin taflisi, kuma a kan gida sun saɓa: Malikawa da Shafi'awa sun ce a sayar, Hanafawa da Hambalawa sun ce a bar masa wanda ba shi da makwanci sai shi. In manyan malamai sun rabu biyu a nan, to ba ƙaramar magana ba ce, don gida ba na mai bashi ba ne shi kaɗai. Ƴaƴan kawu ba su sa hannu a takardar kowa ba, amma su suka kwashi tabarmi.

Wani abu kuma. A watan Satumba na 2008 bankin Lehman Brothers ya nemi mafaka ƙarƙashin wannan doka, a Babi na 11. Makonni kaɗan bayan haka majalisar Amurka ta amince da dala biliyan 700 don ceto harkar bankuna. A 2009 aka kawo ƙudurin ba alƙalai ikon rage wa masu gidaje bashin jingina, ya faɗi a majalisar dattawa. Ashe in babba ya karye sunansa gyaran tattalin arziki, in ƙarami ne sai a tuna masa da mutunci.

Ba na cewa ƙofar ba ta da ɓarayi. Akwai mai shigar da ƙara don kawai ya ture ranar gwanjo, alhali ya san ko dala ba zai biya ba. Dokar ta san da shi: wanda aka kori ƙararsa ya sake shigarwa cikin shekara guda, kwana 30 kawai dakatarwar ke yi sai in alƙali ya ƙara. A wurina ma'aunin ke nan. In kana da niyyar biya da hanyar biya, neman lokaci haƙƙinka ne. In ba ka da ko ɗaya, riƙe gidan zalunci ne, gara ka sayar da hannunka ka sallami mutane.

A nan Nijar dokar OHADA ta tanadi hanyar da ɗan kasuwa zai nemi kotu ta dakatar da masu binsa a yi sulhu. Kawu bai san da ita ba. Kuma wallahi ko ya sani ban ce zai je ba, don shi ganin mutane yake tsoro fiye da gwanjo. Abin da nake so mu tattauna a zamanmu na gaba ke nan: wace irin kunya ce muka gada, da ta fi yarda mutum ya rasa gida a ɓoye da ya ce "na karye" a fili?