Taswirarka ta yi kyau, amma da saura

Zauna, ɗana. Na duba taswirar kududdufan Kano da ka kawo, kuma ka yi ƙoƙari, Allah Ya yi maka albarka. Wata magana da ka yi ce ta tsaya mini a rai: wai kai ɗan labarin ƙasa ne, ba ruwanka da mutanen Sashen Tarihi, hira kawai suka iya. Haba kai kuwa!

Hoton tauraron ɗan'adam ya nuna maka kududdufi ya ɓace, shaguna sun hau kansa. To, ya gaya maka abin da ya haƙa ramin? Ƙasar da aka ɗiba aka yi tubali, aka tayar da gidaje da badala, ita ta bar ramukan nan, su kuma suka riƙa shanye ruwan damina. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwa, daga baya Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta. In ba ka san lokacin da birni ya miƙe ba, yaya za ka gane wane rami ya girmi wane? Matafiyin nan Barth ma da ya zo Kano a 1851 ya zana Jakara a taswirarsa. Ka taɓa ɗora taka a kan tasa?

Kada ka ce na goyi bayan mutanen Tarihi. Su ma ban ƙyale su ba. Mutum ya cika littafi da labarin ƙofa, bai taɓa auna nisanta da Dala ba. Nan gaba na'urarka za su nema, domin ambaliyar da ke cin unguwanni ba ta tambayar sashen da mutum ya fito. Michael Mortimore ɗan labarin ƙasa ne kamarka, amma a bakin manoma ya koyi yadda ƙasar kewayen Kano ke ɗaukar jama'a ba ta gaji ba.

Garaje ne ya yi maka yawa. Nemi ɗalibi guda daga Tarihi, da wani mai karanta ajami. Ku leƙa Gidan Makama, sannan ku je ku gaida mai unguwa, ya haɗa ku da tsofaffin da suka yi iyo a kududdufan nan suna yara. Ka tafi da goro, ka cire takalmi, kada ka katse su ko sun yi nisa da zance. Ka rubuta sunan da suke kiran kowane kududdufi, ba lambar da kwamfuta ta ba shi ba. In kun zo buga aikin, sunan abokan tafiyarka ya fito kusa da naka, ba can cikin godiya ba.